Similos Mai Igiya da Gonar da Ya Ce Ya Shanye

In ka sauka Firayos, tashar jiragen ruwan Atina, yau ka tambayi Similos mai igiya, sai a yi ta kallon juna, wai ba a san shi ba. Amma ka ce "tsohon nan da ya shanye gonarsa," nan da nan za a nuna maka rumfar da ya ƙare kwanakinsa a ciki, ga ta nan manne da bayan tawa. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji wannan suna. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma abin takaicin shi ne ba maƙiyi ne ya ƙaga masa ita ba. Shi ya yi wa kansa, da bakinsa, a gaban Majalisar Ɗari Biyar, ina zaune ina kallo.

Ni ne Moskos mai kifin gishiri. A lungu ɗaya muka tashi da Similos, a jirgin yaƙi ɗaya muka yi tuƙi har tafin hannunmu ya saɓule, don haka in na ce na san shi, ba sanin shanu nake nufi ba. Siriri ne dogo, ga shiru-shiru, kullum cinyarsa ta dama ja wur saboda murzar rama. Abincinsa wainar sha'ir da albasa da ɗan zaitun. Giya kuwa, ko ranar bikin Diyonisos, allan giya, sai ya tsinka ta da ruwa har ta rasa launi. Mukan yi masa tsiya mu ce kwaɗo zai iya haihuwa a kofinsa. Abu ɗaya na san yana bugar da shi, shi ne taron jama'a.

Ranar taro, kafin gari ya gama wayewa ya kama hanyar birnin Atina, ya hau Tudun Taro ya zauna gaba-gaba. Mu sauran sai mu tsaya a kasuwa muna zuba, har bayin birni su fito da jar igiya, wadda ake jiƙawa da jar ƙasa, suna koro mutane zuwa tudu. Duk wanda ta shafa a mayafi an san malalaci ne, a ci shi tara, a kuma yi masa dariya. Ni kam ta shafe ni ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Similos ko kusa da shi ba ta taɓa zuwa ba. Sau da yawa ma shi ake ba aikin tufka ta, ya yi ta da gyara kamar wadda za a ɗaure jirgi da ita.

"Moskos, ba ka jin kunya?" yakan ce mini. "A wasu ƙasashe mutum ɗaya ke magana, saura su durƙusa. Mu nan an ce kowa ya zo ya faɗi tasa, amma sai an koro ku da igiya kamar awaki."

"Awakin ne dai ke ciyar da birnin," in ji ni. "Kai je ka ji mana, ka dawo ka ba mu labari."

Sau ɗaya ya tashi yin magana a ƙuruciyarsa, shekarar da matarsa Hedile take da ciki. Ana shawara kan igiyoyin jiragen yaƙi da ake sayowa daga waje, shi kuwa yana ganin ba su da ƙwari. Ya daɗe yana shirya maganar, yana yi wa turken tufka jawabi, har yaran unguwa suka haddace masa. Ranar da aka zo, mai shela ya ɗaga murya ya ce, "Wa yake son magana?" Sai ga Similos tsaye. Aka ɗora masa kambin ganye, ya hau dutsen magana, ya buɗe baki.

"Ya ku mutanen Atina!"

Muryar ta fita tas, har ni sai da na ji daɗi. Daga nan ya ɗaga ido ya ga dubban fuskoki sun zuba masa ido, shi ke nan, harshe ya ɗaure. Ya sake cewa, "Ya ku mutanen Atina..."

Wani ɗan banza daga baya ya ce, "Mu ne, mun amsa!"

Dariya ta ɓarke. Ya sake faɗa karo na uku, a hankali, kamar mai roƙo. Aka fara bubbuga ƙafa ana cewa ya sauka. Bayin birni suka zo suka janye shi, kambin ya faɗi wani ya take. Ko yana da gaskiya a kan igiyoyin, ko ba shi da ita, har yau ba wanda ya sani, don ba wanda ya ji.

Tun daga ranar sunansa ya koma Ya-Ku-Mutane. Matuƙan jirgi in sun zo sayen igiya sai su tsaya a ƙofa su ɗaga hannu su ce, "Ya ku mutanen Atina, nawa ne gaba goma?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya auna musu. Na zaci zai yi fushi da taro ya daina zuwa. Ina! Bai fasa ko sau ɗaya ba. Cewa ya yi laifin ba na birni ba ne.

"Birni ya ba ni dama," in ji shi. "Ni ne ba ni da harshe. Amma abin da ke cikin Hedile, in namiji ne, zai hau dutsen nan ya wuce inda na tsaya."

Namiji ne kuwa. Ya sa masa suna Timodemos, suna mai nauyi kamar na 'ya'yan masu dawaki. Hedile ta rasu yaron yana rarrafe, Similos bai sake aure ba, shi ne uwa shi ne uba. Shi ke dama masa kunun sha'ir, shi ke goya shi zuwa rijiya, mata suna dariya suna yaba masa. A duk Firayos in ana misalin uba nagari da shi ake yi, kuma wannan ne kaɗai abin da ya rage masa na ɗaga kai a cikin mutane. Abu ɗaya ya hana yaron, taɓa rama. Na ga ranar da Timo, yana ɗan ƙarami, ya ɗauki zare ya ɗora a cinya yana kwaikwayon ubansa. Similos, wanda bai taɓa ɗaga masa hannu ba, ya buge hannun har yaron ya fashe da kuka.

"Ba na son in sake gani," ya ce. "Wannan hannun ba na igiya ba ne."

Na ce masa, "Haba Similos! Ka koya masa ko don gobe. Magana ba ta cika tukunya."

Ya ce in kula da kifina.

Yana da 'yar gonar zaitun a gindin dutse, gadon kakansa, inda kaburburan gidansu suke kusa. Da Timo ya fara gemu, wani malami ya zo daga Sisiliya yana koya wa samari iya magana da sanin mulkin birni, kuma ba ya koyarwa don alloli. Similos ya sayar da gonar ya kai masa kuɗin cif. Ranar da ya dawo daga cinikin na gan shi zaune bakin teku yana kallon ruwa, idonsa ja. Da ya hango ni sai ya washe baki wai iska ce ta shigar masa ido.

Yaron kuwa ya koya, kada in rage masa. In ya zo rumfata da yamma, ya tsaya nesa kaɗan da tulunan kifi saboda ƙarni, sai ya ja ni da gardama.

"Kawu Moskos, in haƙorinka yana ciwo, za ka zuba wake a tulu ka ce duk wanda ya ciro fari shi zai cire maka?"

"Hauka nake?"

"To don me muke zaɓen masu riƙon birni da ƙuri'ar wake? Haƙori ya fi birni ne?"

Ya ci gaba, wai mai aikin hannu ba shi da sukunin yin tunani, wai wanda ya yini yana gishirta kifi da yamma kifi ne kawai a kansa. Na ce to adalci fa, shi ma sai mai sukuni ke saninsa? Ya yi murmushi ya ce adalci ba daga sama ya faɗo ba, mutane ne suka zauna suka ƙulla doka don kada su cinye juna. Abin da doka ta ɗora maka shi ne a kanka, abin da ba ta ɗora maka ba, ba mai tuhumarka a kai. Ya kai ni ya baro, na rasa ta cewa sai zagi.

Similos yana gefe baki har kunne. "Ka ji, Moskos? Ka ji yadda ya ɗaure ka?"

"Kai wawa, kai ma fa yake zagi. Kai ba mai aikin hannu ba ne?"

"Ya zage ni mana," in ji shi, "in dai da irin wannan bakin ne."

Daga nan Timo ya koma cikin birni. Yana shirya wa masu ƙara maganar da za su faɗa a kotu, ya yi suna, ya auri 'yar wani mai gidajen haya, ya shiga cikin manyan mutanen da ke cin abinci a kishingiɗe. Zuwansa Firayos ya ragu, ya koma sai ranar biki, ya koma babu. Ba zan ce mugu ne ba, don na san shi tun yana tsirara. Kunya ce take cinsa. A cikin abokansa akwai waɗanda iyayensu suna kan tudu ranar da aka janye Ya-Ku-Mutane daga dutse, kuma ba su manta ba. Na taɓa tare shi a kasuwar birni na ce masa ubansa fa ya tsufa. Ya ce, "Zan zo, Kawu, zan zo," yana waige-waige kada a gan shi da ni.

Shi kuwa Similos yatsunsa suka fara ƙagewa, har suka lanƙwashe ya kasa riƙe zare. Ya sayar da kayan aiki, ya bar ɗakin da yake haya, na gyara masa rumfar bayan tawa. Matata Mirtis ta ƙara akushi ɗaya a gidanmu, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Amma kada ka kuskura ka ce ɗansa ya yar da shi. In ya samu ɗan abin hannu sai ya sayi busasshen ɓaure a ɓoye, ya zo yana raba wa mutane yana cewa, "Timo ne ya aiko." Mai ɓauren yana tsaye a wurin yana ji. Kowa ya karɓa ya ce madalla, kowa ya kau da kai.

Shekarar da Timo ya isa shiga majalisa, duk da ba'ar da yake yi wa wake, ya ba da sunansa, kuma farin wake ya fito masa. A shekarar da ke ƙarewa ni ma waken ya kama ni, ina cikin Ɗari Biyar ɗin da za su sauka. Al'ada kuwa masu sauka ne ke tantance masu hawa, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya a yi masa tambayoyin da aka saba, ya kawo shaidunsa.

Similos bai iya cin abinci ba don murna. Ya ari mayafi mai kyau wurin mai gashin burodi na lungunmu, ya sa Mirtis ta gyara masa gemu. Ba wanda ya kira shi shaida. Shi ya kira kansa.

"Za a tambayi Timo ko yana kyautata wa iyayensa," ya ce mini a hanya. "Zan ce yana yi. Kai kuma ka kama bakinka, in an zo ɗaga hannu ka ɗaga."

"Hannuna nawa ne," in ji ni.

"Moskos, don girman jirgin da muka tuƙa tare."

Muka shiga zauren majalisa.

Aka kira Timodemos. Ya fito cikin farin mayafi, kyakkyawa, ya tsaya kamar an haife shi a wurin. Shugaban zama na ranar, wani manomi mai kaurin murya, ya fara jero tambayoyi. Wane ne ubanka, daga wace unguwa? Wane ne kakanka? Wace ce uwarka? Ina kaburburan gidanku? Ka fita yaƙi da aka kira ka? Kana kyautata wa iyayenka? Ya amsa duka ba gargada. Sai shugaba ya juya ya ce, "Akwai mai ƙara a kansa?"

Yawanci a nan shiru ake yi a wuce. Ran nan sai wani ya tashi, Hermon mai sayar da fitilu, wanda Timo ya taɓa shirya maganar da ta kayar da shi a kotu. Ashe ya daɗe yana jiran wannan rana.

"Ni ina da ita," ya ce. "Mutumin nan ba ya ciyar da ubansa. Ga tsohon can a bakin ƙofa cikin mayafin aro. A rumfar mai kifi yake kwana, a akushin mai kifi yake ci."

Ya jero shaidu daga tashar jirage, har da mai ɓaure. Kowa a zauren ya san abin da ke biyo baya. Wanda aka tabbatar ba ya ciyar da iyayensa, ba kujerar majalisa kaɗai zai rasa ba. Ana iya kai shi kotu a rufe masa baki, ba zai hau dutsen magana ba har ya mutu. Na dubi Similos, na ga shi ma ya sani. Shaidar da ya zo da ita a bakinsa ta mutu tun kafin ya faɗe ta.

Timo ya yi tsuru-tsuru, gumi ya keto masa. Na ce a raina, yaro, durƙusa ka ce ka yi kuskure, ka ɗauki ubanka ka kai shi gida, wataƙila a ji tausayinka. Sai na ga ya gyara mayafi, ya ɗaga kai, muryar nan ta dawo.

"Ya ku 'yan majalisa, ba na musun abin da shaidu suka faɗa. Amma ku tuna tsohuwar doka da kakanninmu suka kafa. Ta ce ɗa ya ciyar da ubansa, haka ne. Ta kuma ce uban da bai koya wa ɗansa sana'a ba, ba shi da hakkin ciyarwa a kan ɗan. Doka ba ta ɗora kaya a gefe ɗaya." Ya miƙa tafin hannunsa biyu, masu laushi kamar na jariri. "Ku duba. Ubana mai igiya ne. Ni ko igiyar guga ban iya tufkawa ba. Bai koya mini ba."

Na rantse da Zeyus, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ni na faɗa ba, ba ɗana ne ya faɗa ba, amma kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga ido. Zaure ya ɗauki guna-guni. Hermon ya yi tsalle.

"Ƙarya kake! Maganar da kake ci da ita fa, ba sana'a ba ce? Wa ya biya malaminka? Tsoho, matso ka faɗa musu! Ba kai ka sayar da gonarka ka kai wa mutumin Sisiliya ba?"

Shugaba ya yafuto Similos. Ya taho a hankali, mayafin aro yana jan ƙasa, ya tsaya a tsakiyar zaure. Wasu dattawa suka gane shi, na ji ɗaya yana raɗa, "Kai, ba Ya-Ku-Mutane ba ne wannan?" Aka fara murmushi, ana jiran a sake ganin abin da aka gani a da. Ni kuwa ina roƙon alloli su ɗaure masa harshe kamar wancan karon, don na ga fuskarsa, na kuma san shi.

Harshen bai ɗaure ba.

"Ya ku 'yan majalisa," in ji shi, muryarsa tana kaiwa har bango. "Yaron nan ya faɗi gaskiya. Ban koya masa sana'a ba. Ya sha ɗaukar zare yana son koyo, ina buge masa hannu. Gona kuwa na sayar, haka ne, amma ko ƙwandala ban kai wa malami ba. Giya na sha da kuɗin. A gidajen giya na bakin tasha na shanye ta, itace bayan itace. Abin da yaron nan ya iya, da kansa ya tsinta, a bakin ƙofofin mutane. Ba ya ci da ni don ban ci da shi ba. Ku bar shi ya yi wa birni aiki, kada ku hukunta shi da laifina."

Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Shekara da shekaru ina fatan in ji Similos ya yi magana a gaban jama'a ya kai ƙarshe, sai ga shi na ji. Na yunƙura zan tashi, ya juyo ya kafa mini ido, irin kallon da bai taɓa yi mini ba. Me zan ce? In ƙaryata mutum a kan abin da ya faɗa game da kansa? Malamin Sisiliya ya daɗe da komawa ƙasarsu, wanda ya sayi gonar ya mutu. Wani daga baya ya ce, "Tir da wannan uba!" Wani ya tofar da yawu. Timo yana tsaye yana kallon ƙasa, wuyansa ya yi ja.

Aka ce masu amincewa da Timodemos su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar karan gero. Nawa na zauna a kansa, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba.

A waje Timo ya zo wurin ubansa. "Baba..."

"Je ka, abokanka suna jira," in ji Similos. "Ka yi magana mai kyau."

Bayan 'yan kwanaki wani bawa ya zo da buhun sha'ir da tulun mai daga gidan Timo. Similos ya sa aka mayar. Ya aika masa cewa kada ya sake, kada kuma ya zo, don in aka ga yana kula da shi za a ce baki suka haɗa, Hermon kuma bai yi barci ba. Ni ma ya daɗe ba ya gaishe ni saboda hannun da ban ɗaga ba. Yana cin abincin gidana yana juya mini baya. Mirtis tana dariya tana share hawaye.

Labari ya riga mu isa Firayos. Sunan Ya-Ku-Mutane ya ɓace, sabo ya maye gurbinsa. Matan da suka yaba masa a bakin rijiya suka ce ashe munafuki ne, da rana ruwa, a ɓoye giya. Masu gidajen giya da ba su taɓa ganin ƙafarsa ba suka fara rantsuwa cewa sun tuna shi sarai. Yara suna bin sa suna tangaɗi irin na bugaggu. Na yi faɗa har na gaji, na mari mutum biyu, aka ce ai abokin shansa ne. Sai mutumin da bai taɓa fashin taro ba ya daina zuwa. Ranar taro yakan shige rumfa ya ja tabarma ya rufe ƙofa.

Da kaka ta yi aka ji cewa Timodemos ne zai gabatar da shawarar majalisa a gaban taron jama'a, karonsa na farko a kan dutse. Da sassafe na fito na tarar da Similos tsaye a ƙofata, cikin tsohon mayafinsa, ya ja shi ya rufe rabin fuska. Muka kama hanya.

Da muka iso kasuwar birni, tudu yana gabanmu, sai ƙafarsa ta yi nauyi. Wani ya nuna shi da baki ya ce wa na kusa da shi, "Ga mai shan gona." Similos ya ratse wurin mai albasa yana taya albasar da ba zai saya ba. Daga nan ya koma wurin mai tukwane. Na ce mu tafi, ya ce in ɗan dakata. Kasuwa ta fara watsewa, shi yana nan yana juya murfin tukunya da karkatattun yatsunsa. Ban ankara ba sai ihun bayin birni, sun taho da jar igiya a miƙe. Na ja shi, amma tsoho ba ya gudu. Ta same shi a kafaɗa ta zana masa ja har ƙugu.

Ya tsaya yana kallon igiyar tana wucewa. "Tawa ce," ya ce a hankali. "Tsohuwa ce, amma na san tufkata."

Muka hau tudu a cikin 'yan baya, malalata da masu jan tabo, ana yi musu ihu. Wanda ya yi rayuwarsa a sahun gaba ya raɓe can ƙarshe jikin dutse, ya ɗora hannu a kan tabon yana son rufewa, hannun bai isa ba. Mai shela ya yi kira. Na hango farin mayafi ya tashi, an ɗora masa kambin ganye.

Similos ya ja ni. "Moskos, kai ƙato ne, tsaya a gabana. Kada a gan ni a ɓata masa rana."

Na tsaya a gabansa. Ya kama bayan mayafina ya riƙe, ina jin numfashinsa a tsakanin kafaɗuna, jar ƙasar jikinsa tana shafar nawa. Tudu ya yi tsit.

"Ya ku mutanen Atina!" in ji Timodemos.

Yatsun da ke bayana suka ƙanƙame. Timo ya ja numfashi, ya ci gaba, magana tana bin magana, har can ƙarshe ana jin sa. Yana cewa birni uba ne ga kowa, shi ya raine mu, ba mai iya biyansa. Mutane suna gyaɗa kai. Ni kuwa na sunkuya ina kallon ƙafafuna, fuskata tana zafi, ban san ko don wa nake jin kunyar ba, don yaron ne, ko don masu gyaɗa kan, ko don mu duka.

Sai na ji tsohon ya matso da bakinsa kusa da kunnena, muryarsa tana rawa don murna.

"Ka ji, Moskos? Ya wuce wurin da na tsaya."